Albashin Farko da Lissafin Rumbu

Wata uku da suka wuce ƙanena ya samu aikin koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a nan Birnin Kebbi, kuma ranar da albashinsa na farko ya shiga ya zo gidana bayan sallar isha'i, yana nuna mini saƙon banki a waya, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna. Na taya shi farin ciki, na yi masa addu'ar Allah ya sa albarka. Bayan kwana goma sha tara ya sake dawowa, murya ƙasa-ƙasa, yana neman in ranta masa kuɗin man babur zuwa ƙarshen wata. Na ce masa, "Ƙanena, ina kuɗin suka shiga?" Ya yi shiru yana ƙirgawa da yatsu, ya iya tuno wajen rabi, sauran kuwa ya ce, "Wallahi Yaya, ban san yadda aka yi ba." Ban yi masa faɗa ba, domin ni ma a haka na shafe shekarun farko na aikina, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ni ya koya mini abin da nake son rubutawa a nan.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Argungu, bai taɓa shiga banki ba har ya bar duniya, amma ban taɓa ganin gidanmu ya kwana babu tuwo ba. Idan aka gama girbi aka kawo amfanin gona gida, kafin a ɗebi ko mudu guda don wata hidima, sai ya fara fitar da zakka, sannan ya ware iri ya ɗaure shi a wurinsa dabam, sannan ya auna abin da gida zai ci har wata kaka ya zuba a rumbu. Abin da ya rage bayan wannan shi kaɗai ne yake kallo a matsayin na sayarwa, da shi ake ɗinkin sallah da gudummawar biki da gyaran ɗaki. Ko abinci ya ja baya a bazara, ba a kusantar irin nan, kuma yakan ce da harshensa na gida, "Wanda yac ci iri nai, ya ci baɗi tun bana." Sai da na girma na gane cewa abin da masu ilmin tattalin arziki ke kira kasafi, shi ne dai wannan rabon da tsohon yake yi a tsakar gida. Bambancin kawai shi ne, hatsi ana ganinsa da ido yana raguwa a rumbu, kuɗin da ke cikin waya kuwa ba a jin fitarsu sai sun ƙare. Kuɗin da ba a yanka musu aiki tun ranar da suka shigo ba, duk buƙatar da ta fara yin sallama ita ke tafiya da su.

Saboda haka abin da na fara ba ƙanena, tare da kuɗin man da ya nema, shi ne littafin rubutu mai fallaye arba'in da biro. Na ce ya rubuta duk abin da ya fita daga hannunsa har kwana talatin, kada ya raina komai, kuma kada ya yi ƙoƙarin canza halinsa a wannan wata, ya dai rubuta gaskiya. Manyan abubuwa kamar kuɗin haya da buhun abinci kowa yana sane da su. Inda ake yin asara shi ne ƙananan: data ta ɗari biyar, shayi da burodi a bakin hanya, ladan mai cirar kuɗi na POS sau biyu ko uku a mako, ɗan abin da aka miƙa wa aboki a majalisa. Naira 500 a kullum naira 15,000 ce a wata, kuma a shekara ta haura naira 180,000. Ga wanda yake karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024, wannan ya zarce albashin wata biyu da rabi, kuma ya tafi ne ba tare da mutum ya taɓa zama ya yanke shawarar kashe shi ba. Ban ce a daina shan shayi ba, abin da nake so shi ne mutum ya san nawa shayin yake ci masa, sannan ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Akwai wani tsari da ake yawan yaɗawa a intanet, wai a kashe kashi 50 cikin ɗari a kan buƙatun dole, kashi 30 a kan sha'awa, a ajiye kashi 20. A ganina an yi shi ne don mutanen da abinci ba ya cinye musu yawancin abin da suke samu, kuma magidancin da ke ciyar da mutum bakwai a Badariya ko Gesse idan ya gwada shi zai karaya tun makon farko, ya ce ajiya ba ta talaka ba ce. Abin da ya kamata a ɗauka daga cikinsa shi ne jerantawa, wato a fitar da iri kafin a fara ci. Idan kashi biyar cikin ɗari ne kawai zai yiwu, to a fara da shi. A albashin naira 70,000 wannan naira 3,500 ce a wata, naira 42,000 a shekara, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kantin magani da dare babu ko sisi a aljihunsa ya san darajar wannan adadi. Sharaɗin shi ne a cire su a ranar da albashi ya shiga. Wanda ya ce zai ajiye abin da ya rage a ƙarshen wata, to ya sani ba a taɓa samun ragowa.

Inda na fi daɗewa da ƙanena shi ne maganar zumunci, domin a nan ne lissafin yawancinmu yake rushewa, kuma a nan ne littattafan da aka rubuta a wasu ƙasashe ba su da abin da za su gaya mana. Da zarar an ji ka fara aiki, ka zama rumbun dangi. Gwaggo ba ta da lafiya, ɗan baffa zai yi aure, matar maƙwabci ta haihu, an yi rasuwa a ƙauye ana buƙatar kuɗin mota, ga ankon biki da uwargida ba za ta so a ce ita kaɗai ce ba ta yi ba. Duk waɗannan haƙƙi ne, kuma ba na cikin masu cewa a toshe kunne, domin mu ma da gudummawar dangi aka yi mana karatu. Kuskuren da muke yi shi ne ɗaukarsu a matsayin abin da ya zo ba zato, alhali babu watan da ke wucewa ba a yi suna ko biki ko jinya a cikin dangi ba. Abin da yake zuwa kowane wata ya cancanci a ware masa kasonsa tun farko kamar yadda ake ware kuɗin wuta. Idan mutum ya ce naira 6,000 ce ta zumunci a wannan wata, zai bayar da ita da sakin fuska, kuma idan ta ƙare zai iya cewa, "Gwaggo, ki yi haƙuri, na wannan wata ya ƙare, amma in Allah ya kai mu ƙarshen wata ke ce ta farko." Wannan magana ta fi mutunci a kan a ciwo bashi a bayar, sannan a koma ana ɓuya idan an hango mai bashi. Na lura kuma cewa dangi suna saurin fahimtar mutumin da maganarsa ɗaya ce, wanda idan ya ce ƙarshen wata to ƙarshen watan ne.

Ajiyar farko da mutum zai tara ta ranar tsanani ce, kuma ba a taɓa ta don sayen sabuwar waya ko ɗinkin sallah. Mutanen jihar nan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin ambaliyar damina ta 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a fadamun Argungu da Augie da sauran wurare, kuma waɗanda suka zuba duk abin da suka mallaka a gona guda sun ga tashin hankali. Haka kuma a farkon 2023, bayan an sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, mutane suna da kuɗi a banki amma sun kasa sayen cefane saboda babu tsaba a hannu, wasu kuma suna da tsofaffin takardu jibge a gida suna fargabar za su zama takardar banza. Darasin da na ɗauka shi ne kada a tara komai wuri guda. Abin da zai riƙe gida na 'yan kwanaki ya zauna a hannu, sauran ya zauna a banki, kuma a yi ta ƙarawa a hankali har ya kai abin da gida ke ci a wata guda, daga nan a nufi wata uku.

Ga wanda yake tsoron banki, yana da kyau ya san cewa akwai hukumar inshorar kuɗin ajiya ta ƙasa, wato NDIC, wadda a 2024 ta ɗaga adadin da take lamuncewa kowane mai ajiya daga naira 500,000 zuwa naira miliyan biyar a manyan bankuna, da naira miliyan biyu a ƙananan bankunan al'umma. Ma'anarsa ita ce, idan banki mai lasisi ya durƙushe, ƙaramin mai ajiya yana da inda zai karɓi kuɗinsa, abin da gwangwanin ƙarƙashin gado ba zai yi masa ba idan gobara ta tashi ko ɓarawo ya shigo. Wanda kuma damuwarsa kuɗin ruwa ce, yanzu akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021.

Sai dai ajiyar tsabar kuɗi tana da nata ciwon, wato hauhawar farashi. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma komai ya bi bayanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana kayan da aka saya naira 100,000 a Disambar 2023 sun koma kusan naira 135,000 bayan shekara guda. Wanda ya ɓoye dubu ɗari a akwati ya buɗe ya tarar da takardunsa cif-cif, amma abin da za su saya masa bai wuce na kusan dubu saba'in da huɗu na bara ba. Shi ya sa bayan an tara na ranar tsanani, sauran ajiya ya kamata ta koma wani abu da yake tafiya tare da farashi. Iyayenmu sun daɗe da sanin haka: a sayi ɗan rago bayan layya lokacin da kasuwa ta faɗi a yi kiwonsa, a sayi abincin gida na shekara da kaka lokacin da hatsi yake araha, mace ta mayar da kuɗin adashinta tunkiya ko ɗan kunnen zinari. Kowanne yana da haɗarinsa, kuma dole a faɗa. Dabba tana ciwo tana mutuwa, ana kuma sace ta, ƙwari suna cin wake, albasar Aliero da ake sayenta da araha lokacin cira tana iya ruɓewa a wurin ajiya kafin farashi ya tashi. Wanda bai san kan sana'a ba kada ya zuba duk abin da ya tara don ya ga maƙwabcinsa ya ci riba bara. Akwai kuma sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari da babu kuɗin ruwa a cikinta, wanda aka fara fitarwa a watan Satumbar 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana iya shiga da naira 10,000, kuma abin da ake biyan mai shi kuɗin haya ne da ake bayarwa sau biyu a shekara.

Adashi kuwa ina ganin darajarsa ƙwarai, domin yana yin abin da banki ba ya yi, wato yana sa kunya ta tilasta maka zubi. Amma a fahimci yadda yake aiki. Idan mutum goma suna zuba naira 10,000 kowane wata, wanda ya fara ɗauka ya samu rancen naira 90,000 babu ruwa, wanda ya zo ƙarshe kuma ya ranta wa sauran kuɗinsa na wata tara, ya karɓe su bayan farashi ya ci wani abu daga cikinsu. Adalci shi ne a riƙa juya layin ɗauka daga zagaye zuwa zagaye, ko a yi ƙuri'a a gaban kowa. Na taɓa shiga wani adashi a wurin aiki da babu rubutu ko ɗaya, mutum biyu suka ɗauka suka daina zubi, aka rasa yadda za a yi da su, kuma ni da nake kusa da ƙarshe ban karɓi cikakken kuɗina ba. Tun daga lokacin ba na shiga sai na san uwar adashi, na san kowane mai zubi, kuma an rubuta sunaye da ranaku kowa ya sa hannu.

Wannan ya kawo ni ga bashi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu take magana. Duk da haka mu ne muke jin nauyin cewa a rubuta, kamar rubutun zargi ne, sai daga baya zumuncin shekara ashirin ya lalace a kan an ce dubu talatin ne, wani ya ce ashirin ne. Tambayar da nake so mai farawa ya yi wa kansa kafin ya karɓi rance ita ce, daga ina zan biya, kuma a wace rana? Bashin taki ko na injin ban-ruwa yana da inda zai fito idan Allah ya ba da amfani, bashin kayan lefe na gasa kuwa daga cikin abincin gida za a biya shi. Manoma sun san zafin ba-da-kaka, inda za a ba ka kuɗi da damina kana cikin matsi, ka biya da buhu a kaka a farashin da mai kuɗi ya yanka. Manhajojin rance na waya su ne sabon salonsa. Ruwan kashi 10 cikin ɗari a wata yana kama da ƙaramin abu, amma a rancen naira 50,000 naira 5,000 ce kowane wata, naira 60,000 a shekara, ta fi uwar kuɗin yawa, kuma uwar tana nan ba ta ragu ba. Ban da haramcin kuɗin ruwa da kowane Musulmi ya sani, wasu daga cikin manhajojin nan suna kwashe lambobin da ke wayarka su aika wa surukanka da abokan aikinka saƙon cin mutunci idan ka yi jinkiri.

Damfara ba ta buƙatar dogon bayani, alamarta guda ce: alkawarin riba mai yawa cikin gaggawa ba tare da an nuna maka sana'ar da ke haifar da ita ba. Cikin irin waɗannan ƙungiyoyin zuba kuɗi na intanet, MMM ta yi alkawarin kashi 30 cikin ɗari a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, CBEX kuma ta yi alkawarin ninka kuɗi, ta rushe a Afrilun 2025, kuma a duka biyun da kuɗin sababbin shiga ake biyan na farko har ranar da sababbin suka ƙare. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka nan babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da ya karanto maka sunanka da lambar BVN ɗinka daidai. A kashe wayar, a tafi reshen banki da ƙafa.

Akwai abu guda da nake so ƙannenmu mata da iyayenmu masu sana'ar cikin gida su riƙe, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da masu turara shinkafa su kai inji. Cinikin da ya shigo da yamma ba duka ne naki ba, mafi yawansa jari ne da zai koma kasuwa gobe. Idan kin sayi gyaɗa da itace da kuɗin niƙa na naira 20,000, kika sayar naira 23,000, to naira 3,000 ce kaɗai ribarki, kuma a lokacin tsada ko ita ba duka za a ci ba, domin gyaɗar mako mai zuwa za ta iya fin ta yau kuɗi. Sana'o'i da yawa da na ga sun mutu a unguwarmu ba rashin ciniki ya kashe su ba, cefane ne da bashin maƙwabta suka cinye jarin kaɗan-kaɗan. Gwangwani biyu sun isa su magance wannan, ɗaya na jari, ɗaya na riba. Kuma maigida ya tuna cewa kuɗin sana'ar matarsa nata ne, idan ya karɓa rance ne da za a biya.

Littafin nan kuma shi ne zai sauƙaƙa lissafin zakka ranar da Allah ya hore. Kuɗin da suka kai nisabi suka shekara ana fitar da ɗaya cikin arba'in, amfanin gonar da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma, wanda aka shayar da inji da wahala kamar shinkafar rani ɗaya cikin ashirin, kuma wanda bai san abin da ya mallaka da abin da ake bin sa ba zai yi ta kame-kame a wajen fitarwa.

A ƙarshen wata na biyu ƙanena ya dawo da littafinsa, muka zauna a kan tabarma muka tattara. Data da kati sun ci naira 9,200, ladan cirar kuɗi ya ci naira 1,900 saboda yana cira kaɗan-kaɗan kusan kullum, abin da ya miƙa wa mutane kuma ya kusa kai naira 14,000, mafi yawansa bai ma tuna wa ya ba ba sai da ya karanta. Ya daɗe yana kallon shafin, sannan ya ce zai riƙa cira sau ɗaya a mako, zai sayi data ta wata gaba ɗaya, zai yanka wa zumunci naira 8,000 wadda rabinta na Inna ne kai tsaye. Ya buɗe asusu na biyu wanda bai karɓi katinsa ba, ya tura naira 4,000 a ciki a gabana. Da zai tafi ya ciro kuɗin man da na ranta masa ya miƙo mini, na karɓa, na ce ya buɗe littafin ya soke layin da ya rubuta bashin.